Ziyarar Mai Wurno da Magangarar Shuɗin Nilu

Idan aka rufe makaranta a ƙarshen shekara, yara da yawa sukan yi tafiya. Wasu sukan je ƙauye su taya kakanninsu noma. Wasu kuma malaminsu yakan kai su yawon buɗe ido. Sukan ɗauki tanti da tabarma da tukunya, su yada zango a bakin ruwa kwana biyu ko uku. A can suke ganin abubuwan da suka karanta a aji. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Akwai wani wuri mai nisa a gabas, cikin ƙasar Sudan, wanda ya cancanci irin wannan ziyara. Wurin yana da babban kogi da tabki mai faɗi. A bakin tabkin akwai garuruwa da ƙauyuka inda ake jin Hausa a kasuwa da cikin gida. Can sama kuma, inda kogin ya fito, akwai magangarar ruwa mai ban mamaki. Wannan karatu yana bayanin wurin, da mutanensa, da yadda baƙo zai kiyaye lafiyarsa idan ya kwana a bakin ruwa.

Ina wurin yake?

Wanda ya buɗe taswirar Afirka ya ɗora yatsa a kan Maraɗi, ya ja shi sak zuwa gabas, zai ratsa Cadi ya shiga Sudan. Idan ya ci gaba zai tarad da wani gari mai suna Sinnar. Maraɗi da Sinnar kusan a kan layi ɗaya suke. Shi ya sa yanayinsu ya yi kama. Akwai rani, akwai bazara mai zafi, akwai damina daga watan Yuni zuwa Satumba. Ana samun kuka da aduwa da magarya da bagaruwa. Shamuwa ma takan zo da farkon damina.

Sinnar tsohon gari ne. Shi ne babban birnin masarautar Funj daga shekarar 1504 har zuwa 1821. Yana kamar kilomita 300 kudu da Hartum, babban birnin Sudan. Yana bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu.

Kogin Nilu yana da manyan rassa biyu. Ɗaya shi ne Farin Nilu, wanda ya fito daga kudu, wajen tabkin Biktoriya. Ɗayan shi ne Shuɗin Nilu, wanda ya fito daga duwatsun Habasha. A Hartum suke haɗuwa su zama kogi guda, su nufi Masar. Ƙasar da ke tsakanin rassan biyu ana kiran ta Jazira. Da Larabci kalmar tana nufin tsibiri, domin ruwa ya kusa kewaye ta.

Ruwan Shuɗin Nilu ba shuɗi ba ne kamar baba. Da damina jajaja yake ko baƙi-baƙi, kamar kunu, saboda lakar da ya kwaso. A Larabcin Sudan, kalmar da ake faɗa wa shuɗi ita ce kuma ake faɗa wa abu mai duhu. Daga nan sunan ya samo asali.

Yadda Hausawa suka je can

Tun zamanin da, alhazai daga ƙasar Hausa da Barno suna tafiya Makka a ƙasa. Babu mota, babu jirgin sama. Sai ƙafa da jaki da raƙumi. Sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, su ƙetare Nilu, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga can su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. Idan guzuri ya ƙare, sai alhaji ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, ya tara kuɗi, sannan ya ci gaba. Wasu sun yi aure a hanya sun haifi ƴaƴa. Wasu da suka dawo daga Makka sai suka zauna a Sudan ba su koma gida ba.

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu. Ya yi hijira zuwa gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. Turawa suka bi sawunsu har Burmi, kusa da kogin Gongola. A can aka yi yaƙi a watan Yuli na 1903, Sarkin Musulmi ya rasu tare da mutane da yawa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya tattara waɗanda suka tsira. Suka ci gaba da tafiya da mata da yara da tsofaffi. Tsakanin Sakkwato da Sinnar ya fi kilomita 3000. A 1906 suka iso bakin Shuɗin Nilu, wajen ƙauyen Shehu Talha. Daga baya suka kafa nasu mazauni a gaɓar yamma ta kogin, aka sa masa suna Mai Wurno. Wurno kuwa gari ne kusa da Sakkwato.

Da farko Mai Wurno ƙaramin ƙauye ne na bukkoki. Da mutane suka ji labari, sai suka riƙa zuwa. Ƙauye ya zama babban gari, aka kuma kafa wasu ƙauyuka a gefen kogin. Zuriyar Mai Wurno ce ta gaji sarautar garin. Mutanen Fulani ne da Hausawa da wasu ƙabilun yamma. Larabawan Sudan sukan haɗa su duka su ce musu Fallata. Jikokinsu ƴan Sudan ne, a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu. Suna karatu da Larabci a makaranta, amma da yawa ba su yar da Hausa ko Fulatanci ba.

Tabkin da mutane suka yi

Tabkin Madarumfa da ke kusa da Maraɗi, ruwa ne ya taru da kansa a cikin kwari. Tabkin Sinnar ba haka yake ba. Mutane ne suka yi shi. Sun gina katanga mai ƙarfi ta dutse sun tare kogin. Irin wannan katanga ita ake kira madatsar ruwa, wasu kuma su ce baraji.

An gama madatsar Sinnar a 1925, lokacin mulkin Ingila. Tsawonta ya kai kilomita 3, tsayinta kuma ya kai mita 40 a inda ta fi tsayi. Tana da ƙofofi masu yawa da ake buɗewa da rufewa. Idan aka rufe ƙofofin, ruwa ya taru a bayan katangar ya yi tabki mai tsawo, ya miƙe kudu. Mai Wurno yana kudu da madatsar, tsakaninsu bai kai kilomita 20 ba. Saboda haka garin a bakin tabkin yake.

An yi madatsar ne domin noman rani. Daga tabkin aka haƙa babbar hanyar ruwa zuwa Jazira. Babbar hanya ta rabu zuwa ƙanana, ƙanana kuma suka rabu har cikin gonaki. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, ta ɗan gangara zuwa arewa. Don haka ruwan yana tafiya da kansa, ba sai an tura shi da inji ba. Gonakin sun fi hekta 800000. Suna cikin manyan gonakin ban-ruwa na duniya. An fara da auduga, wadda ake kai wa masaƙun Ingila. Daga baya aka ƙara da alkama da gyaɗa da dawa.

Auduga tana son hannu da yawa, musamman lokacin tsinka. Hausawa da sauran mutanen yamma sun yi wannan aiki ƙwarai. Da yawansu ba su da gonar kansu. Sukan zauna a ƙananan unguwanni a gefen hanyoyin ruwa, ana kiran irin wannan unguwa kambo. Kambo da yawa sun yi shekaru babu makaranta, babu asibiti, babu ruwan sha mai tsabta, alhali gumin mutanensu yana cikin arzikin Jazira.

Can kudu, kusa da Damazin, akwai madatsa ta biyu, wato ta Rusairis. An gama ta a 1966. A 2013 aka gama ƙara mata tsayin mita 10. Tabkinta ya ƙara faɗi, ya cinye ƙauyuka, aka mai da mutanensu sababbin garuruwa. A bakin wannan tabki ma akwai Hausawa masunta da manoma.

Sallama kafin sauka

Ba a kafa tanti a ƙasar mutane sai da izininsu. Idan ƴan makaranta suka isa ƙauye, abu na farko shi ne malaminsu ya kai su ƙofar mai gari. Su tuɓe takalma, su durƙusa. Malam ya ce, "Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, mun zo ganin tabki. Muna roƙon wurin da za mu kwana." Mai gari ya ce, "Maraba da ku, malam. Sannunku da hanya, ƴaƴana." Sai a kawo ruwa, a kawo shayi ko gahawa. Mutanen Sudan sun shahara da karɓar baƙo.

Wannan gaisuwa tana da amfani biyu. Na farko ladabi ne. Na biyu kuwa, mutanen gari su suka san ruwansu. Sun san inda ke da zurfi, da inda laka ke riƙe ƙafa, da inda kada yake shan hantsi. Baƙo ko da idonsa ya kai kwano, bai san gari ba.

Gidajen ƙauyen wasu na ƙasa ne, wasu bukkoki ne na ciyawa masu tsini. A tsakar gida akwai rumfa, da gadon igiya da ake kira angarib. Da asuba da dare ana jin almajirai suna karatun allo, kamar yadda ake yi a Katsina ko Damagaram. Mata suna toya kisira, wata irin waina ce mai faɗi marar kauri da ake yi da ƙullun dawa. Suna kuma tuƙa asida, wadda ta yi kama da tuwo. Da yamma mahauta suna gasa nama da yaji da garin ƙuli. A duk faɗin Sudan ana kiran wannan nama agashe. Kalmar Hausa ce, kuma Hausawa ne suka kai shi can.

Yadda ake yada zango a bakin ruwa

Babban hutun makarantun Nijar yana faɗowa daga Yuli zuwa Satumba. Wannan shi ne lokacin da ake ruwan sama mai yawa a duwatsun Habasha, Shuɗin Nilu kuma ya cika. Lokaci ne mai kyan gani, domin ko'ina ya yi kore. Amma lokaci ne mai hatsari. Akwai dokoki da mai kwana a bakin ruwa ya kamata ya bi.

Doka ta farko, a kafa tanti a kan tudu, nesa da gaɓa. Ruwan kogi yana iya ƙaruwa cikin dare ko da ba a yi ruwan sama a wurin ba. Ruwan da aka yi can nesa ne yake isowa, ko kuma an buɗe ƙofofin wata madatsa. Gaɓar kogi ma takan zaizaye ta rufta. Kada kuma a kafa tanti a cikin busasshen rafi. Ƙasar yankin baƙar laka ce. Da rani takan tsage, da damina kuma ta yi danƙo, har mota ta kafe.

Doka ta biyu, kowa ya kwana cikin gidan sauro. Inda ruwa ya kwanta, nan sauro yake ƙyanƙyasa. Cizonsa ne ke kawo zazzaɓi mai kashe yara. Idan yaro ya ji jikinsa ya yi zafi, ya gaya wa malam nan da nan, a kai shi wurin likita.

Doka ta uku, kada a yi wanka ko wasa a ruwan da ba ya gudu. A cikin hanyoyin ruwa na Jazira da gefen tabki akwai wasu ƙananan katantanwa. A jikinsu tsutsar tsargiya take girma. Tsutsar ƙarama ce, ido ba ya ganin ta. Takan fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum ta shiga jini. Bayan wasu makonni sai yaro ya fara fitsari ko bayan gida da jini. Idan mai ciwon ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar su koma wa katantanwa, ciwon ya sake zagayowa. Tsargiya tana da magani a asibiti, amma rigakafi ya fi magani.

Doka ta huɗu, a tace ruwan sha da tsumma mai tsabta, a tafasa shi, a bar shi ya huce cikin abu mai marfi. A haƙa rami nesa da ruwa domin bayan gida, a riƙa rufewa da ƙasa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Doka ta biyar, kada yaro ya je bakin ruwa shi kaɗai, musamman da magariba. Kada ya shiga kwalekwale sai da babba wanda ya iya tuƙi, kada kuma a cika shi fiye da kima. Da safe a kakkaɓe takalma kafin a sa, saboda kunama.

Doka ta ƙarshe, idan za a tashi a kashe wuta da ruwa ko ƙasa. A tsince leda da gwangwani. Leda tana kashe akuya idan ta ci, tana kuma ɓata ruwa. Baƙo na gari yakan bar masauki kamar yadda ya same shi.

Safiya a bakin tabki

Wanda ya kwana a bakin tabki, da wuri yake tashi. Bayan sallar asuba masunta suke tura kwalekwalensu. Wasu su janyo komar da suka shimfiɗa tun jiya. Wasu su jefa birgi. Wasu kuma su duba mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa. Suna kama karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, wani lokaci har da giwan ruwa. Hausawa sun yi suna wajen su a kogunan Sudan. Kifin da ba a sayar da shi ɗanye ba, sai a shanya shi ko a sa masa gishiri don kada ya lalace.

Masunci mai hankali ba ya amfani da koma mai ƙananan idanu. Irin wannan koma tana kwashe ƴaƴan kifi tun ba su girma ba. Idan aka kwashe ƴaƴan bana, baɗi babu abin kamawa.

A gefen kogin akwai kurmin bagaruwa. Wannan itace yana jure ruwa, yakan yi watanni gindinsa yana cikin ambaliya bai mutu ba. Majema suna jima da ƴaƴansa, kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. Ana kuma yin jirgin ruwa da katakonsa. A kan rassansa ana ganin balbela da zalɓe da tsuntsaye iri-iri.

Idan ruwa ya janye bayan damina, yakan bar laka mai laushi a gaɓa. Manoma su bi ta suna shuka masara da wake da kabewa da kuɓewa. Wannan laka ita ce takinsu. A bisa gaɓa kuma akwai lambuna na ayaba da mangwaro da gwaba da lemu, waɗanda ake ba ruwa da injin famfo.

Daga nan baƙi sukan je ganin madatsar kanta. Wuri ne da ake gadi, saboda haka sai an nemi izini. Idan ƙofofi suna buɗe, ruwa yana fitowa da ƙarfi yana kumfa, yana ruri kamar hadari. Mutum ba ya jin maganar wanda ke kusa da shi. Wannan ƙarfin ruwa ne ake juya injuna da shi a sami wutar lantarki. Amma wannan magangara ce ta ginin mutum. Ta asali tana can gaba, a wata ƙasa.

Magangarar Tis Isat

Shuɗin Nilu yana fitowa daga tabkin Tana, a ƙasar Habasha. Tabkin yana bisa duwatsu, kamar mita 1800 sama da teku. Mutanen can suna kiran kogin Abay. Daga Tana zuwa Hartum kogin ya yi tafiyar kamar kilomita 1450.

Ba a iya bin kogin da jirgi daga Sudan har Tana, domin ya ratsa ta wani kwazazzabo mai zurfi ƙwarai. Sai dai a bi hanyar mota. Daga Sudan ana bi ta Gadarif zuwa Gallabat a kan iyaka, a shiga Matamma, a hau duwatsu zuwa Gondar, sannan a kai Bahar Dar a bakin tabkin Tana. Ana bukatar fasfo da biza. Daga Bahar Dar zuwa ƙauyen Tis Abay kamar kilomita 30 ne. Daga ƙauyen sai tafiyar ƙasa. Hanyar ta bi ta kan wata tsohuwar gada ta dutse da aka gina a 1626, zamanin sarki Susniyos.

Tun daga nesa ake jin rurin ruwan. Kogin yana tahowa a kan shimfiɗaɗɗen dutse, sai kwatsam dutsen ya ƙare. Ruwan ya faɗo ƙasa daga tsayin kamar mita 40. Da damina mai ƙarfi faɗinsa yana iya kai mita 400. Idan ya bugi duwatsun ƙasa sai ya farfashe ya tashi sama kamar hayaƙi. Shi ya sa ake kiran wurin Tis Isat. A harshen Amhara, tis yana nufin hayaƙi. Feshin yana jiƙa mutum tun bai matso ba. Idan rana ta haska shi, sai bakan gizo ya fito. Itatuwa da ciyayin da ke kusa suna shan wannan feshi, akwai birai da tsuntsaye a cikinsu.

Me ke kawo magangarar ruwa? Duwatsu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wani yana da tauri, wani yana da taushi. Idan kogi ya bi ta kansu, yakan cinye mai taushi da sauri, ya bar mai tauri a tsaye. A hankali sai wurin ya zama kamar matakala mai tsayi, ruwa ya riƙa faɗowa daga sama. Dutsen Tis Isat baƙi ne mai tauri. Asalinsa narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa tun zamani mai nisa, ya huce ya daskare.

Magangarar ba kullum take cika ba. Tun farkon shekarun 2000 ake karkatar da ruwa mai yawa zuwa wata tashar lantarki da ke gefenta. Da rani wani lokaci sai ɗan siririn ruwa ke zuba. Wanda ke son ganin ta da ƙarfinta, sai ya je a Agusta ko Satumba. Dutsen wurin yana da santsi, don haka ba a matsawa bakin rami.

Ruwa ɗaya, ƙasashe uku

Ruwan da ya faɗo a Tis Isat shi ne yake wucewa ta gaban Mai Wurno. Shi ne yake shayar da audugar Jazira, shi ne kuma yake kai wa Masar. Fiye da rabin ruwan Nilu da ke isa Masar daga Shuɗin Nilu yake fitowa.

A 2011 Habasha ta fara gina wata babbar madatsa a kan kogin, dab da iyakar Sudan. An fara tara ruwa a cikinta a 2020, aka yi bikin buɗe ta a watan Satumba na 2025. Ita ce madatsar lantarki mafi girma a Afirka. Habasha tana son wuta domin mutanenta, da yawansu ba su da ita. Masar da Sudan kuma suna tsoron abin da zai sami ruwansu, musamman a shekarar fari. An yi shekaru ana tattaunawa a kan wannan.

Ga manomin bakin kogi, madatsar tana da amfani tana kuma da illa. Tana rage ambaliya, tana sa a sami ruwa da rani. Amma tana tare lakar da ke zama taki a gaɓa. Wanda ya saba shuka a sawun ambaliya dole ya sake dabara.

Lokacin da hanya ta rufe

Irin wannan ziyara sai da zaman lafiya. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, a kan ƙasa da sarauta. Ya sake tashi a Oktoba na shekarar. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu.

A watan Afrilu na 2023 kuma babban yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin ƙasa da wata runduna da ake kira RSF. A Disamba na 2023 yaƙin ya ci Wad Madani, babban birnin Jazira. A tsakiyar 2024 ya shiga jihar Sinnar, aka kama garin Sinja. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba na 2024, suka karɓe Wad Madani a Janairu na 2025. Miliyoyin mutane sun yi gudun hijira a faɗin ƙasar. An rufe makarantu na tsawon lokaci, gonaki da yawa sun kwana ba shuka. A yankin Amhara na Habasha ma, inda magangarar take, an shiga tashin hankali tun 2023.

Yaran bakin Shuɗin Nilu da yawa sun kwana cikin tanti a waɗannan shekaru. Amma ba don yawon hutu ba, gudun yaƙi ne ya fitar da su. Kakannin wasunsu sun taka daga Sakkwato da Kano da Katsina suna neman wurin zama lafiya. Su ma abin da suke nema ke nan: su koma gida, a buɗe makaranta, masunta su koma ruwa. Duk mai niyyar kai yara wannan yanki, sai ya tabbata hanya ta yi lafiya, hukuma kuma ta yarda. Kafin nan, dokokin zango da aka lissafa suna da amfani a bakin kowane ruwa, ko a Madarumfa ne ko a gaɓar kogin Kwara.

Tambayoyi

1. A wane gari Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa?
2. Wane ne ya kafa garin Mai Wurno? Me ya fitar da shi daga ƙasarsu?
3. An gama madatsar Sinnar a 1925, ta Rusairis kuma a 1966. Shekara nawa ke tsakaninsu?
4. Me ya bambanta tabkin Sinnar da tabkin Madarumfa?
5. Don me ba a kafa tanti dab da gaɓar kogi da damina?
6. Ta yaya tsargiya take shiga jikin mutum? Yaya ake kauce mata?
7. Me ke kawo magangarar ruwa?
8. A zana taswirar Shuɗin Nilu daga tabkin Tana zuwa Hartum, a nuna Tis Isat da Rusairis da Mai Wurno da Sinnar.